Mu Daina Tsallake Lissafi a Labaranmu



Akwai wani harshe da ake kira Klingon. Babu uwar da ta taɓa yi wa ɗanta tawai da shi. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Marc Okrand, ya ƙirƙiro shi domin finafinan Star Trek, ya fitar da ƙamusunsa a 1985. Duk da haka masoyansa ba su yarda a bar shi babu lissafi ba. Yau a harshen nan ana tarawa da kalmar "boq", wadda asalin ma'anarta ƙulla ƙawance: lamba ta ƙulla ƙawance da lamba, sai wata ta samu.

Mu kuwa da muka gaji namu lissafin a nonon uwa, mun mayar da shi abin gudu. A rubuce-rubucen da muke karanta wa juna a ƙungiya, da an zo rabon gado sai marubuci ya ce "aka raba kamar yadda shari'a ta tanada", ya wuce. Wurin da ya tsallake nan ne zuciyar labarin.

Mu ɗauki misali. Manomi a fadamar Kalgo ya rasu, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya ya bar buhun shinkafa 72. Magadansa huɗu: mata, uwa, ɗa namiji da 'ya mace. Matar tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, buhu 9. Uwar tana da sudusi, ɗaya bisa shida, buhu 12. Sauran 51 a kasa su uku, namiji ya ɗauki 34, mace 17. To idan ƙanen mamacin ya miƙa wa matar buhu 6 ya ce haƙƙinta ke nan, mai karatu zai ga buhu ukun da aka danne da idonsa. Zai ji zafin fiye da shafi biyu na kuka.

Kalmomin suna nan a hannunmu: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Manomin da ya noma da ruwan sama ya san ushiri yake fitarwa, buhu 4 cikin 40. Wanda ya yi noman rani da injin ban ruwa ya san nasa rabin ushiri ne, buhu 2. Tsofaffinmu kan ce "ashirin ba ɗaya" maimakon sha tara, ka ga ɗebewa ce a cikin sunan lambar kanta. Kafin naira ta zo a 1973 sun yi ciniki da sule da sisi da taro da ahu, suna haɗawa da ka.

Wani zai ce ai yawancin kalmomin nan na Larabci ne. Haka ne, kamar ashirin da talatin da hamsin, kuma babu wanda ya daina ƙirga kuɗinsa saboda haka. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, mai littafin Diya'ul Hukkam. A zaurukan karatu irin na garin nan aka daɗe ana fassara babin gado da Hausa, har kalmomin suka zama namu.

Wani kuma zai ce matasa ba su san sumuni ba. To aikin wa ke nan? Ka sa yarinya a labarin ta tambayi malamin da ke rabon, ya amsa mata a jimla ɗaya. An koya, labari bai tsaya ba. Amma mu kula da harshenmu: "kashi uku" ba shi da ma'ana sai an faɗi cikin nawa. Kashi uku cikin ɗari daban, ɗaya bisa uku daban. Kuma kafin mu saki labarin gado, mu kai lissafin wurin malamin da ya san fannin ya duba, domin akwai mai karatun da zai ɗauke shi ya auna nasa rabon.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta fage guda, bai wuce shafi ba, inda ake raba wani abu tsakanin mutane, gona ko ribar adashi ko naman watanda. A faɗi kason kowa da Hausa, lissafin kuma ya tashi daidai. Za mu duba tare ranar Juma'a in Allah ya kai mu.