Zogale a cikin abincin kaji: riba tana ga awo

Duk wanda ya taɓa kiwon kajin nama ya san inda kuɗinsa ke tafiya: abinci shi kaɗai yana cinye wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa. Masara daga Najeriya ko Benin take shigowa, bitamin da magunguna daga ƙetare. Tun karyewar darajar sefa a Janairun 1994 makiyayin Nijar ya gane cewa rabin ribarsa a hannun baƙi take.

Shi ya sa maganar haɗa garin zogale, tafarnuwa, citta ko kurkum cikin abincin kaji ta cancanci a saurare ta. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana bai wa dabbobi magungunan kashe ƙwayoyin cuta domin su yi saurin girma, kamfanoninta kuwa suka koma ga itatuwa. Abin da suke sayarwa cikin kwali mai tsada, ga shi a lambunan Jiratawa da bakin kogin Yamai. Busasshen ganyen zogale, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa abinci ne mai gina jiki.

Amma kada a yaudari kowa, zogale ba kyauta ba ne. Kazar nama tana cin kusan kilo 4 cikin sati shida. Kaji 1.000 ke nan tan 4. In aka sa kashi 2 cikin 100 kawai, ana bukatar kilo 80 na gari, watau ɗanyen ganye kusan kilo 400, wanda matan Maraɗi ke saye don kwaɗo. Idan aka zarce ƙima kuma, kaza ta rage ci, girma ya tsaya, kwanaki su ƙaru, kowace rana kuwa da buhunta.

Saboda haka tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya zuba albashinsa a kiwo ita ce: dala nawa kilo guda na nama ya tsaya masa? Ba shi ya kamata ya biya kuɗin gwaji da jarinsa ba. Aikin INRAN ne da jami'ar Maraɗi su auna, su bayyana ƙimar da Hausa da Zabarmanci, ma'aikatar kiwo ta kai ta gidajen gona. Kafin nan, mai kiwo ya gwada a kaji ɗari, ya riƙa awo, ya rubuta, sannan ya yanke shawara.