Ki Tafi Da Kakarsu Gidan Makama

Uwargida, sau nawa kika wuce Gidan Makama a adaidaita sahu ba ki taɓa leƙawa ba? Gidan nan da ke daura da fadar Sarkin Kano, tun ƙarni na 15 aka gina wa Muhammadu Rumfa shi, kafin ya hau mulki a 1463. Yanzu gidan tarihi ne: 'yan koroso kan yi rawa a filin cikinsa, makarantu kuma kan kawo ɗalibai.

Idan za ki kai yara, don Allah ki tafi da kakarsu. Ma'aikacin gidan zai faɗi shekaru da sunayen sarakuna, amma Hajiya ce za ta tsaya a ɗakin amarya ta ba su labarin akushi da fanteka, da yadda aka yi mata jere. A asibiti ina ganin tsofaffi da yawa da rabin ciwonsu kaɗaici ne, babu mai tambayarsu komai. Ranar nan kuwa sai ta gaji da amsa wa jikoki.

Ku fita da safe kafin rana ta take, ku riƙe ruwan sha. In tana shan maganin hawan jini, ta sha kafin ku fita.