Manhaja tana rufe kanta? Karanta saƙon kuskuren kafin ka yi wa waya filashin

Yau ba darasin shiga nan danna can na kawo muku ba. Ra'ayina zan faɗa a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ya shafe mu masu gyaran waya, ya shafe ku masu koyon haɗa manhaja.

Kwanakin baya wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kawo min wayarta. Akwai wata tsohuwar manhaja da take rubuta bashin kwastomominta a ciki. Tun da wayar ta yi ofdet zuwa sabon Android, da ta taɓa manhajar sai ta buɗe ta rufe. Kafin ta zo wurina ta biya wani shago, aka ce mata ai matsalar sofwaya ce, aka yi filashin, aka karɓi kuɗi. Hotunanta suka tafi, lissafin bashin da yake ajiye a cikin wayar shi ma ya tafi. Ta sake sauke manhajar, abin yana nan yadda yake. Na jona wayar da kwamfuta, na kunna USB debugging, na buga adb logcat, na ce ta taɓa manhajar. Ko minti biyu ba a yi ba layin ya fito: Accessing hidden method, a ƙarshensa denied, a ƙasansa kuma NoSuchMethodException. Na ce mata, Hajiya wayarki lafiyarta ƙalau, ko sau goma aka yi mata filashin haka za ta ci gaba da yi, domin Android ɗin da ya hana manhajar shiga shi ake sake zuba mata.

To me ya faru a ciki? Bari mu bi a hankali.

A Java da Kotlin, kilas kamar mol ɗin buga bulo ne, bulon da ya fito shi ne obijet. Abin da yake buga bulon kuma shi ne konstirakta. A al'ada mai rubuta kod ya san sunan kilas ɗinsa tun yana rubutu, sai ya kira shi kai tsaye. Amma akwai wata hanya da ake kira rifilekshan, inda manhaja tana cikin aiki za ta ce a nemo mata kilas mai suna kaza, a buga mata obijet daga cikinsa, alhali lokacin da ake haɗa ta ba ta ma san da shi ba. Kar ka ɗauka wani abin 'yan kutse ne. Android kansa da haka yake buɗe shafukan manhajarka: yana karanta sunan Activity daga fayil ɗin AndroidManifest, ya loda kilas ɗin, ya kira newInstance.

Shi ya sa kai mai koyo, in ka manta ka sa public a gaban kilas ɗin Activity, za ka ci karo da IllegalAccessException, tare da bayanin cewa kilas ɗinka is not accessible from wani kilas na Android. Fassararsa a sauƙaƙe: wanda ya zo buga bulon baƙo ne, kai kuma ka ce 'yan gida kawai ka yarda su taɓa mol ɗin. Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. In ba ka rubuta konstirakta da hannunka ba, wanda Java take samar maka yana ɗaukar matsayin kilas ɗin ne. Kilas ba public ba, shi ma ba public ba. Na Fragment ma ya fi ban haushi, don manhajar za ta yi aiki lafiya a hannunka, sai ran da mutum ya juya sikirin a kwance, Android ya rushe shafin ya zo sake gina shi ta rifilekshan, bai samu konstirakta na public marar komai a ciki ba, sai ta faɗi. Maganin wannan kalma ɗaya ce ko layi ɗaya a kod ɗinka.

Inda abin ya fi rikita mutane shi ne maganar loda, wato abin da yake ɗauko kilas daga fayil ya shigo da shi cikin manhaja. A Android, PathClassLoader ne yake ɗauko kod ɗin manhajar da ka girka. In kana son ɗauko wani fayil ɗin dex daga gefe, sai ka kafa naka lodan, misali DexClassLoader. Sai ka ga mutum ya ce, ai kilas ɗina biyu fakej ɗinsu ɗaya, sunan iri ɗaya harafi da harafi, me zai sa a ce ɗaya ba zai taɓa ɗaya ba? Dalili shi ne, lokacin da manhaja take aiki ba suna kaɗai ake dubawa ba, har da wanda ya yi lodin. Ka ɗauka kamar tasha ce: mota biyu duk an rubuta Kano a goshinsu, amma kowacce da layinta da kamashonta, tikitin wannan ba ya shigar da kai waccan. Kilas biyu masu fakej ɗaya in loda daban-daban ne suka ɗauko su, baƙin juna ne. Duk abin da ba public ba a tsakaninsu a kulle yake. In ta rifilekshan ka bi, IllegalAccessException za ka gani, in kuma kai tsaye kod ɗin ya kira, IllegalAccessError. Wani lokacin ma har ka ga abin dariya, ClassCastException yana ce maka ba za a iya mayar da kilas kaza ya zama kilas kaza ba, suna ɗaya sak. Ran da na fara ganinsa na ɗauka idona ne.

Gyaran da ya dace a nan ba wuya. Ka fitar da intafes guda ɗaya na public, ka bar shi a babbar manhaja yadda lodan uwa ne kaɗai zai ɗauko shi, kar ka maimaita shi a cikin fayil ɗin da kake lodawa daga gefe. Kilas ɗin da ke gefe ya zama public, konstiraktansa public, ya bi wannan intafes ɗin. Ka kira getDeclaredConstructor().newInstance(), domin tsohon Class.newInstance() tun Java 9 aka ce a daina amfani da shi.

Amma me yawancin bidiyoyin koyarwa suke cewa? Ka sa setAccessible(true) kawai a wuce wurin. Ni dai ban yarda da wannan a matsayin matakin farko ba. Eh, a kan kilas ɗinka na kanka yana aiki, kuma akwai manyan laburare da suke amfani da shi bisa dalili. Sai dai in ka saba da shi, ka daina tambayar me ya sa aka kulle ƙofar. Kamar mu ne a benci, fiyus ya ƙone ka ɗaura waya ka haɗe. Wayar za ta kunnu, kwastoma ya tafi yana murna, amma abin da ya ƙona fiyus ɗin yana nan, gaba aisi zai ci.

Kuma wannan dabarar ma tana da iyaka. Daga Android 9 da ya fito a 2018, Google ta fara toshe hanyoyin cikin gida na Android waɗanda ba ta buɗe wa masu manhaja a hukumance ba. In manhaja ta nemi wanda aka toshe ta rifilekshan, ba a ma ce mata an hana ki ba, ce mata ake babu shi: NoSuchMethodException ko NoSuchFieldException. Irin wannan ne ya kama manhajar Hajiya. A kwamfuta ma haka ne. Java 9 a 2017 ta kawo tsarin modul tana gargaɗi, Java 16 ta kulle, Java 17 a 2021 ta cire makunnin da ake buɗe komai da shi gaba ɗaya. Shi ya sa wasu tsofaffin tul-tul na jar da muke aiki da su a shago suke faɗuwa da InaccessibleObjectException in ka sa sabuwar Java. Wannan kam ko ka buɗe masa fakej ɗin da yake nema kaɗai da --add-opens, ko ka ajiye masa tsohuwar Java a gefe.

Na san wani zai ce, ai akwai umarnin adb da ake canza hidden_api_policy a buɗe komai. Gaskiya ne akwai, kuma Google ce da kanta ta rubuta shi, amma don masu gwajin manhaja. Abin da ya kamata ka sani shi ne ba manhaja ɗaya yake buɗe wa ba, wayar gaba ɗaya ce. In a wayarka ta gwaji ce, bismillah. Amma ka yi wa kwastoma a wayar da manhajar bankinsa take ciki, ka sallame shi ba tare da ka faɗa masa ba? Wallahi wannan cin amana ne, ko da manhajar ta tashi.

Ga dalilin da ya sa nake ganin kullewar tana da amfani. Loda kod daga gefe ita ce hanyar da miyagun manhajoji suka fi so. Manhajar za ta shigo a wanke tas, ta wuce bincike, bayan an girka ta sai ta sauko da wani dex daga intanet ta loda shi. Da irin wannan salon wasu daga cikin dangin Joker suka riƙa shiga Play Store suna yi wa mutane rajistar abubuwan biyan kuɗi ba da saninsu ba, kuma a farkon 2020 Google ta ce ta cire manhajoji kusan 1,700 na wannan dangin. Dokar Play Store ta hana manhaja sauko da dex ko jar daga wani wuri daban. A Android 14 na 2023 an ƙara da cewa manhajar da aka gina don shi, duk fayil ɗin kod da za ta loda sai ya zama na karantawa kawai, in ana iya rubutu a kansa ba za a loda ba. Hikimar a fili take, kar wani ya sauya fayil ɗin tsakanin saukewa da lodawa. Haka kuma Android 14 ya ƙi yarda a girka manhajar da aka gina don abin da ya gaza Android 6. Manhajojin da suke ninka maka wata manhajar gida biyu, da su Xposed da ake sa wa wayar da aka yi wa rut, kusan duk aikinsu a kan rifilekshan da loda yake, shi ya sa su ne kan gaba wajen faɗuwa duk lokacin da sabon Android ya fito.

Ban ce tsarin ba shi da illa ba fa. Hajiya ba ta yi laifin komai ba, wanda ya haɗa manhajar ne ya daina sabunta ta, ita kuma ta kwana a ciki. Akwai kuma ƙananan masu manhaja da suka bi ta ɓoyayyiyar hanya saboda babu ta fili da za ta yi musu aikin, yayin da manhajojin da kamfanin waya ya sa wa hannu da makullin tsarin ba a hana su ba. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma na yarda mutum ya ce waya tawa ce, ni zan zaɓi abin da zan buɗe. To amma wanda ya san abin da yake buɗewa shi ne yake da wannan maganar. Yawancin masu zuwa shagunanmu ba su sani ba, mu suka yarda da mu.

Saboda haka ɗan uwa mai gyara, in manhaja ɗaya ce take faɗuwa sauran suna aiki, ajiye kebul ɗin filashin tukuna. Tambayi kwastoma ko wayar ta yi ofdet kwanan nan, da kuma inda ya samo manhajar. Jona ta, ka buga adb logcat -b crash, ka nemi layin FATAL EXCEPTION da na Caused by da ke ƙasansa. Ba sai ka iya Java ba. In ka ga IllegalAccess, ko InstantiationException, ko NoSuchMethod, kusan kullum aikin mai manhajar ne, ba na bod ba ne, ba na filashin ba ne. Ka duba ko akwai sabon bashon a Play Store, in babu ka faɗa masa gaskiya ya nemi wata.

Da a ce wayar Hajiya wurina ta fara zuwa, abin da zan fara gwadawa shi ne ciro bayanan bashin kafin a taɓa komai, ko da ta hanyar neman fayil ɗin ajiya da manhajar ta bari a ma'ajiyar waya. Yanzu kam sai dai na sa mata wata manhajar da take ajiya a intanet, ta ce za ta zauna da yarinyar shagonta su tuno waɗanda take bi.