Sharhi: Tantanin Cikin Batir Da Makomar Litiyam Na Afirka

Tun daga watan Agusta na shekarar 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen Nijar suka san darajar batir. Wutar ta dawo a watan Maris na 2024, amma farantan hasken rana sun riga sun hau rufin gidaje da shaguna. Mu kanmu a gidan rediyonmu da su muke watsa shirye-shiryen dare, kuma mun ga yadda zafin bazara ke cinye ƙarfin batir tun bai tsufa ba. Wannan ne ya sa muka bi sawun wani bincike da ake yi a ƙasashen Sin da Japan da Amurka a kan wani abu da mai sayen batir ba ya gani.

Batir na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991, ɓangare biyu gare shi, da wani ruwa a tsakani. In ana caji, ƙwayoyin litiyam su ƙetara daga wannan ɓangare zuwa wancan, in ana aiki da shi su komo. Abin da ke hana ɓangarorin haɗuwa shi ne wani tantani na roba, wanda kaurinsa bai kai rabin silin gashi ba. In ya huje, sai gobara. Masu karatu za su tuna wayar Galaxy Note 7 da kamfanin Samsung ya janye daga kasuwa a 2016 saboda tana kamawa da wuta. Bincike ya nuna ɓangarorin ne ke taɓa juna a ciki.

To amma tantanin da ake amfani da shi kamar rariya yake, duk abin da ya fi hudarsa ƙanƙanta wucewa yake. A batiran da aka yi da ƙarfen manganis, ƙarfen kan narke cikin ruwan, ya ƙetara ya ɓata ɗaya ɓangaren, kuma zafi na ƙara masa sauri. Abin da masana ke nema shi ne tantani mai zaɓe, wanda zai bar litiyam kaɗai ya wuce, ya tare sauran. In aka same shi da araha, zai buɗe hanyar batir na litiyam da farar wuta, wanda a lissafi ya ninka na yanzu ɗaukar caji, amma yake saurin mutuwa domin farar wutar na narkewa ta yi ta kai da komowa tsakanin ɓangarorin.

Ga mai shago a Maraɗi ko mai cajin wayoyi a Tawa, wannan albishir ne, ko da yake abin da ya yi aiki a ɗakin bincike kan ɗauki shekaru kafin ya zo kasuwa. Damuwarmu tana wani wuri.

Irin wannan tantani mai zaɓe ba cikin batir kaɗai yake da amfani ba. Kaso mai yawa na litiyam na duniya yana narke ne cikin ruwan gishiri a ƙarƙashin hamadar Cile da Ajantina da Bolibiya. A Atakama ta Cile, shanya ruwan ake yi a manyan tafkuna fiye da shekara guda kafin a samu abin da ake so. Wahalar ita ce raba litiyam da magnesiyam, waɗanda ke tafiya tare. A lardin Cinghai na ƙasar Sin an riga an shiga tace ruwan tafkunan gishiri da tantani, kuma a 2021 masu bincike na jami'ar Sarki Abdullah ta Saudiyya suka nuna ana iya tsamo litiyam daga ruwan Bahar Maliya ta hanyar wani tantani na tangaran.

Litiyam na Afirka kuwa cikin dutse yake. Sai an haƙa, an fasa, an niƙa, an gasa. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen a watan Disamba na 2022. An buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa ta Najeriya a watan Mayu na 2024, da jarin ƴan ƙasar Sin. Mali ta ƙaddamar da mahaƙar Gulamina a watan Disamba na 2024, bayan dokar ma'adinai ta 2023 ta ƙara kason ƙasa. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai abin da ke fita daga yawancin wuraren garin dutse ne da aka ɗan tace, a loda wa jirgin ruwa. Aikin da ke kawo riba, wato mayar da shi sinadari, da yin tantanin, da harhaɗa batir, yana Sin da Japan da Koriya ta Kudu.

Kuma kasuwar ba ta da amana. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2024 farashin litiyam ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, har wasu mahaƙan dutse a Ostireliya suka dakatar da aiki. Duk ranar da tace ruwan gishiri ya ƙara sauƙi, mai dutse ne zai fara jin jiki, domin kuɗin aikinsa sun fi yawa.

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne a wannan labari. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, an yi shekaru da dama ana kunna fitilun Faransa da shi, alhali mu muna sayen wuta daga maƙwabta. Shi ya sa muke ganin gwamnatocin da ke sa hannu kan yarjejeniyar litiyam ta shekaru 20 ko 30 ya kamata su nemi a rubuta a takarda matakin sarrafawar da za a yi a gida, da yawan injiniyoyin da kamfani zai horar, da abin da zai faru da ma'aikata da ramukan in farashi ya sake faɗuwa kamfanin ya naɗe tabarmarsa.