Idan bashi ya sake hannu, mi ya rage ga manomin Jiratawa?

A fadamar Jiratawa, inda ƙungiyoyin manoma ke noman rani da taimakon hukumar ONAHA, wadda aka kafa cikin shekara ta 1978, da wuya mutum ya shiga aikin gona ba da bashi ba. Taki bashi, iri bashi, sai an girbe a biya. Wannan ba sabon abu ba ne, tun zamanin UNCC da CNCA haka ake yi. Abin dubawa yau shi ne: idan ɗan kasuwar da ya ba da takin ya ɗauki takardar bashin ya kai banki a Maraɗi, ya jinginar da ita domin a ranta mishi kuɗi, ranar biya wa za a ba? Kuma wace hujja ta rage a bakin manomi?

Amsar tana cikin dokar jingina ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci wadda ƙasarmu ta sa hannu ga yarjejeniyarta cikin shekara ta 1993. An sake gyara dokar a birnin Lome ran 15 ga watan Disamba na 2010, kuma cikin gyaran ne aka yarda mai bin bashi ya miƙa bashinshi ga wani a matsayin jingina. Amma ba ga kowa ba: sai ga banki ko ma'aikatar da ba da rance ne aikinta. Mai ba da kuɗi da ruwa na bakin kasuwa ba shi cikin lissafi.

Aya ta 84 ta ce dole a sanar da wanda ake bi. Muddin ba a sanar da shi ba, bai kuma halarci rubuta takardar ba, to in ya biya ɗan kasuwa ya fita, banki ya je ya nemi mutuminshi. Bayan sanarwa kuwa, banki kaɗai ake biya. Wanda ya kai kuɗi ga tsohon mai bashi saboda sabo ko kunya yana iya biya sau biyu.

Sanarwa dai ba ta ƙara wa bashi nauyi. Banki ya karɓe shi ne yadda ya same shi, da lafiyarshi da cutarshi. A ce an rubuta buhu 10 na taki, aka kawo 7. Ko an kawo shi bayan lokacin zubawa ya wuce. Ko ƙungiya ta riga ta biya rabi kafin sanarwa. Duk abin da za a faɗa wa ɗan kasuwa, ana iya faɗa wa banki. Ashe rasit ɗin da ake jefawa bayan tukunya shi ne shaida.

Inda gizo ke saƙa shi ne aya ta 85. Idan bashin na sana'a ne, kamar na takin da ƙungiya ta ɗauka don noma, banki na iya roƙon wanda ake bi ya sa hannu ga takardar amincewa, ya yi alkawarin biyan banki kai tsaye. Da zarar ya sa hannu, hujjojin da ke tsakaninshi da ɗan kasuwa sun faɗi. Buhu 3 ba su zo ba? Ya biya na 10, sannan ya bi ɗan kasuwa kotu. Mafita ɗaya ta rage, wato ya nuna cewa banki ya karɓi bashin da gangan don ya cuce shi, kuma kowa ya san tabbatar da wannan ba aikin talaka ba ne.

Dokar ta ce dole takardar ta ɗauki sunanta a sarari, in ba haka ba ta rushe. Madalla. Sai dai sunan da faransanci yake, alhali da yawa daga magatakardan ƙungiyoyinmu da hausa suka yi yaƙi da jahilci. A ganinmu banki ba shi da laifi don ya nemi tabbaci, ba kuma wanda ya tilasta wa manomi sa hannu: roƙo ne, ana iya ƙi. Ya kamata ma'aikatan gona da shugabannin ƙungiyoyi na Jiratawa, Tibiri da Maraɗi su sa a juya ayoyin nan biyu zuwa hausa, a karanta su a taron ƙungiya kafin lokacin rabon taki, kada kuma shugaba ya sa hannu ga takardar amincewa sai an ƙidaya buhunan cikin magaza.