Littattafan Timbuktu sun fara komawa gida, amma wa zai tsare su?

A watan Agustan 2025 jirgin sama ya sauka a Timbuktu ɗauke da akwatuna sama da 200, masu nauyin kusan tan biyar da rabi. Abin da ke ciki tsofaffin littattafai ne rubutun hannu, waɗanda aka fitar daga garin a ɓoye shekara 13 kafin nan. Gwamnatin sojan Mali ta ce wannan kason farko ne, saura na tafe. Mutanen gari sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai akwai tambayar da murnar ba ta amsa ba: abin da ya kori littattafan nan daga gida, ya kau ne?

Kafin a amsa, sai an tuna yadda aka yi suka tsira tun farko.

A watan Afrilun 2012 'yan Ansar Dine da abokan tafiyarsu suka karɓe Timbuktu. Sojoji suka janye, ma'aikatan gwamnati suka watse. Cikin 'yan watanni aka fara rusa hubbarorin malaman garin, har aka rushe 14 daga cikin 16 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya tun 1988. A Janairun 2013, da sojojin Faransa da na Mali suka doso garin, masu ficewa suka cinna wuta a sabon ginin Cibiyar Ahmed Baba. Littattafai kusan 4,200 suka salwanta, wasu a wuta, wasu aka yi awon gaba da su.

Ranar da labarin ya fita, duniya ta ɗauka komai ya ƙone. Ashe mafi yawa sun riga sun bar wurin. Ma'aikatan cibiyar sun yi ta fitar da nasu kaɗan-kaɗan, sama da 27,000. Su kuwa na iyalai, wata ƙungiya ta 'yan gari ce ta tsaya a kansu, wato SAVAMA-DCI, wadda Abdel Kader Haidara ya jagoranci kafawa a 1996. Haidara ɗan gidan malamai ne, ya gaji ɗakin karatun mahaifinsa Mamma Haidara, kuma ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka da rugage yana tara wa Cibiyar Ahmed Baba littattafai. Ya san gida-gida, gida-gida sun san shi. Da abin ya zo, aka sayi adakoki na ƙarfe, aka rarraba littattafai a ɗakunan mutane, daga baya aka yi ta lallaɓawa da su zuwa Bamako, wasu a mota ta shingayen bincike, wasu a kwale-kwale ta kogin Neja. Ƙungiyar ta ce ta fitar da sama da 350,000.

To, a nan ne darasin farko yake. Ran da gwamnati ta gudu, UNESCO na Paris tana fitar da sanarwa, abin da ya yi aiki shi ne amanar da ƙungiyar nan ta shafe shekara 16 tana ginawa. Ba wanda zai miƙa wa baƙo gadon kakansa cikin dare. Sun miƙa wa Haidara da mutanensa ne domin tsarin ƙungiyar bai taɓa raba mai littafi da littafinsa ba: ana taimaka maka ka gyara, ka lissafa, ka adana, amma kaya naka ne. Haka ma hubbarorin. Da aka tashi sake gina su a 2014 da 2015, maginan garin ne suka yi aikin, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suke jagorantar yaɓen masallacin Jingareber. Kuɗi daga waje suka zo, amma sanin yadda ake kwaɓa ƙasar da jera dutsen yana hannun 'yan gari.

Mun san cewa a tsakaninmu akwai saɓanin malamai kan gini a kan kabari, kuma ba wannan shafin ne zai raba gardamar ba. Amma ko wanda bai yarda da hubbare ba zai yi wuya ya kawo hujjar ƙona littafin fiƙihu ko na nahawu. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a Satumban 2016 kan rusa gine-ginen, karo na farko da ta hukunta wani a kan wannan laifi shi kaɗai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bamako ta tsare littattafan daga wuta, amma ta haɗa su da wani maƙiyin. Takardar da ta yi shekara ɗari uku ko huɗu a busasshiyar iskar bakin Sahara ba ta jure laimar damunar Bamako. Tawada na narkewa, takarda na yin funfuna, fatar bango na ruɓewa. Sai da aka nemo na'urorin busar da iska da akwatunan kwali na musamman, da taimakon Jamusawa da wasu gidauniyoyi. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa a mayar da su, kuma hujja ce mai ƙarfi. Akwai ta biyu: garin da aka kwashe masa littattafansa ya rasa ɗalibai, ya rasa masu bincike, ya rasa baƙi, har matasansa su tashi ba su taɓa ganin abin da ake yabon garinsu da shi ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, Timbuktu ba ta zauna lafiya ba har yau. A Agustan 2023 ƙungiyar JNIM ta tare hanyoyin shiga garin, abinci da man fetur suka yi tsada. A ranar 7 ga Satumban wannan shekarar aka kai wa jirgin ruwan fasinja mai suna Tombouctou hari a kogin Neja, gwamnati ta ce fararen hula 49 suka mutu. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sun tattara sun bar Mali a ƙarshen 2023. A farkon Yunin 2025, wata biyu kacal kafin akwatunan su sauka, an kai hari sansanin soja da filin jirgin saman garin. Ai ko jigilar da aka yi ta sama ta isa shaida: hanyar ƙasa ba abar dogaro ba ce.

Don haka dole a karanta matakin da idon siyasa ma. Gwamnatin Assimi Goïta ta ayyana 2025 a matsayin shekarar al'adu, kuma tana son nuna cewa arewa ta dawo hannunta bayan ficewar Faransa da Majalisar Ɗinkin Duniya. Hoton akwatuna suna sauka a Timbuktu ya fi jawabi goma. Wannan bai sa matakin ya zama kuskure ba, amma yana nufin lokacin da aka zaɓa ba lafiyar takarda kaɗai aka duba ba. A lura kuma, kason da ya koma na Cibiyar Ahmed Baba ne, wadda ta gwamnati ce. Na iyalai magana ce daban, domin masu su ne ke da ta cewa. Ranar da iyalan suka yarda da kansu suka mayar da nasu gaba ɗaya, ranar ce za a san tsaro ya samu da gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya bambanta yau da 2012 shi ne hoto. A 2013 SAVAMA-DCI ta fara aiki da wani ɗakin adana littattafai da ke jihar Minesota ta Amurka, wanda limaman Kirista suka kafa, suna ɗaukar hoton littattafan shafi-shafi. A Maris 2022 Google ya ɗora shafuka sama da 40,000 a intanet. Ko Allah ya kiyaye wuta ta sake tashi, rubutun ba zai tafi tare da takardar ba. Amma fa hoto ba karatu ba ne. Masu iya karanta tsohon rubutun magaribi da ajami, su gane me ake cewa, ba su da yawa, kuma suna tsufa.

Gaskiya ɗaya ce, ƙungiyar ma ba ta tsira daga suka ba. Wasu masana da wani ɗan jaridar Ingila, Charlie English, sun nuna shakku kan adadin da ake faɗa, suna ganin an zuzuta shi da girman haɗarin saboda neman tallafi. Wasiƙa mai shafi ɗaya da littafi mai shafi 300 duk "ɗaya" ake ƙirga su. Maganin irin wannan gardama shi ne cikakken jerin sunaye da kowa zai iya dubawa.

Mu kuma fa, mazauna zango? Alaƙarmu da wannan labari ba ta aro ba ce. Ahmed Baba kansa, a amsar da ya rubuta a 1615 kan bauta, ya ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Hanyar fataucin goro da ta kawo kakanninmu Salaga ta zo da littattafai tare da kaya. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa tafkin Volta ya cinye shi a shekarun 1960. Yawancin abin da masu bincike ke karantawa a yau na malaman Salaga da Wa da Kumasi ya tsira ne saboda a waɗannan shekarun Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana aron littafi, ta kwafa, ta mayar wa mai shi.

Mu ba 'yan bindiga ne ke barazana ga namu ba. Gara ce, da ambaliya, da gobarar kasuwa, da rabon gado inda ake raba littafi ɗaya gida uku, da jikan da ya ga tsofaffin takardu a gafaka ya ƙona su don kada a taka sunan Allah, da kyakkyawar niyya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da Timbuktu ta yi ba ya buƙatar miliyoyi kafin a fara: mutum biyar da unguwa ta yarda da su, littafin rajista da za a rubuta wane gida ke da me, wayar hannu mai ɗaukar hoto da kyau, malami ɗaya da zai karanta ya faɗi sunan littafi da mawallafinsa, da alkawarin cewa ba takardar da za ta kwana a wajen gidan mai ita. SAVAMA-DCI ta fara irin wannan aiki shekara 16 kafin ranar da aka buƙace shi, lokacin da ba wanda ya san ranar na zuwa.