ZAGA ƘASA: Wanda Zai Hau Duwatsun Adamawa Ya Hau Da Sallama

Idan watan Maris ya kama, mutanen Yola da Jimeta ba su da zance sai na zafi. Garuruwan biyu suna kwance ne a cikin kwarin kogin Binuwai, tudunsu bai kai mita 200 bisa teku ba, don haka a bazara ma'aunin zafi yakan zarce 40, har mutum ya rasa inda zai sa kansa da tsakar rana. Abin mamaki shi ne, duk wanda ya tsaya a gadar Jimeta ya ɗaga kai zai hangi duwatsun Bagale a ƙetaren kogi, in kuwa ya fita bayan Yola ya dubi kudu zai hangi na Verre. Amma akwai waɗanda aka haifa a Jimeta, suka yi furfura a cikinta, ba su taɓa taka ko gindin ɗaya daga cikinsu ba. A wannan mako filin nan zai bi da mai karatu hanyoyin da ke fita daga Yola zuwa duwatsun, da abin da zai gani, da kuma yadda ya kamata ya riƙe kansa idan ya isa.

Kafin a ɗauki hanya, ya kyautu baƙo ya ba Yola kwana guda, domin wanda bai san labarin kwarin ba ba zai fahimci na tudun ba. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya fara zama a Gurin, sa'an nan ya yi ta matsawa har ya kafa Yola a 1841. Sunan garin daga Fillanci yake, watau wuri mai ɗan tudu, ƙasar kuwa ana ce mata Fombina, watau kudu. Fadar Lamiɗo tana nan a Yola, tare da ɗakin ajiye kayan tarihin masarauta. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya iso garin a watan Yuni na 1851 zamanin Lamiɗo Lawal, 'yan kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi. Sojan Ingila sun ci garin a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya ya fice. Ita kuwa Jimeta bakin ruwa ya raya ta, tun lokacin da jiragen ruwan kamfanoni ke hawowa Binuwai da damina suna ɗibar kaya.

A duk tsawon wancan zamani, doki shi ne ƙarfin mai mulkin kwari, doki kuwa ba ya hawa dutse. Wannan shi ne mabuɗin labarin. Ƙabilu da dama sun riƙe tuddai saboda can ne mahayi ba ya iya cim musu, wasu tun kafin jihadi suke can, wasu kuwa hare-haren neman bayi suka kora su sama. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Saboda haka duwatsun Adamawa garuruwa ne na mutane, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu, kuma abin da ya fi cancantar a gani a can shi ne aikin da hannun ɗan Adam ya yi a kan dutse.

Hanya ta farko ita ce ta arewa. Daga Jimeta a haye gada, a wuce Girei inda Jami'ar Modibbo Adama take, a nufi Song. A nan ne ake ganin duwatsu uku a jere, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan'uwa mata uku, matafiya sukan tsaya su ba ido abinci. Daga Song sai Gombi, sai Hong, sai Mararrabar Mubi. Wanda ya karkata dama zai shiga Mubi, garin da ya zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta shigo da wannan yanki cikin Nijeriya. Wanda ya miƙe kuwa zai bi ta Uba da Michika zuwa Gulak. Tun daga Michika duwatsun Mandara suke rakiyar matafiyi ta hannun dama, bayansu kuwa ƙasar Kamaru ce.

A kan waɗannan duwatsu, cikin ƙaramar hukumar Madagali, Sukur take, a tudun da ya ɗan haura mita 1,000. A 1999 Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ita ce kuma ta farko da ta sami wannan matsayi a Nijeriya. Da ƙafa ake hawa, kuma tun daga hanyar kallo yake farawa, domin an shimfiɗe ta da faffaɗan duwatsu tun zamanin kakanni, yadda ruwan damina ba ya cinye ta. Hagu da dama gonaki ne hawa-hawa kamar matakala. Manomi yakan jera duwatsu ya yi 'yar katanga a gicciye a jikin gangare, ƙasa ta taru a bayanta, ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ta zuwa kwari. A kan wannan ɗan fili ake shuka dawa da gero da wake. Kowace shekara kafin shuka sai an bi katangun an gyara inda ya zube.

A can sama akwai gidan Hidi, watau sarkin Sukur, wanda aka kewaye da ganuwar dutse zalla, dutse bisa dutse ba laka ba siminti. Akwai rumbuna, da masussukai, da ramukan da aka gina da dutse inda ake turke sa a yi ta ba shi abinci har ya yi ƙiba. Akwai kuma kufan matoyar tama. A da Sukur ta yi suna wajen narka ƙarfe. Mutanenta sukan tara baƙin yashin tama daga ƙoramu bayan ruwa, su narka shi da gawayi da zugazugi, fatake daga ƙasar Barno su zo su saya a kai wa maƙera. Wannan ciniki shi ya ɗaukaka Hidi a idon maƙwabta. Sana'ar ta mutu ne bayan da ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka cika kasuwa da araha.

Sukur ta sha wuya sau biyu cikin shekara ɗari. Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali a farkon ƙarnin da ya wuce, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki kuwa akwai lissafin hare-haren da ya aika kan mutanen dutse, har da na Sukur, da bayin da aka kamo. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Sa'an nan a ƙarshen 2014, shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram na ɗan lokaci, maharan sun hau Sukur suka ƙone gidaje da rumbuna, suka yi ɓarna a gidan Hidi. Mutane sun komo sun sake rufa ɗakunansu, amma a 2018 sai da aka sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya masu bukatar agaji. Haɗarin da ya fi wuta shi ne ƙaura. Gonar matakala tana tsaye ne muddin akwai mai gyara ta. Ran da samari suka gangara birni suka ƙi komowa, damina kaɗan ta isa ta rushe abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa.

Hanya ta biyu ita ce ta kudu. Daga Jimeta a bi ta Ngurore zuwa Mayo Belwa, sa'an nan Jada da Ganye. Mai lura zai ji kalmar mayo tana yawo a sunayen garuruwa, ma'anarta kogi da Fillanci, kamar yadda hosere yake nufin dutse. Gabas da Jada, a kan iyakar Kamaru, duwatsun Alantika suke, mazaunin mutanen Koma. A 1986, zamanin da Kanar Yohanna Madaki yake Gwamnan Jihar Gongola, jaridun ƙasar nan sun cika da labarin wai an gano wata al'umma a kan dutse. Aka yi ta buga hotunan matansu sanye da ganye, aka yi ta tururuwar zuwa kallo. Alhali kuwa maƙwabtansu Chamba da Verre da Fulani sun san su tun da daɗewa, suna cin kasuwa tare, sunansu kuma yana cikin takardun Turawan mulki. Masu kallo sun ɗauki hotunansu sun tafi, abin da mutanen suke bukata kuwa, watau hanya da asibiti da makaranta, ya zo a hankali ƙwarai. Duk mai niyyar zuwa Koma ya riƙe wannan a zuciyarsa. Zai ga gonaki a gangare, da ƙoramu masu sanyi, da mutane masu karɓar baƙo, amma kada ya ɗaga na'urar ɗaukar hoto a fuskar kowa sai ya nemi izini.

Yamma da Ganye, ƙasar Chamba mai albarkar doya, duwatsun Shebshi ne. A cikinsu akwai Dimlang, wanda Turawa suka sa wa sunan Vogel, tsayinsa mita 2,042. Hawansa aikin masu ƙarfin gwiwa ne, ba a yinsa ba tare da ɗan jagora ba. Gaba da Ganye akwai Toungo, ƙofar arewa ta gandun dajin Gashaka Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta mai da gandun ƙasa a 1991. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya. Akwai ɓauna da dorina da gwanki da birai iri-iri, har da birin nan mai kama da mutum a kurmin kudancinsa. Ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun da rakiyarsu.

Wanda yake da mako guda a hannu yana iya zarcewa Jihar Taraba, wadda take haɗe da Adamawa a ƙarƙashin sunan Gongola daga 1976 zuwa 1991. Daga Mayo Belwa a bi ta Zing da Jalingo da Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake, sa'an nan a hau tsaunin Mambila ta hanya mai kwana-kwana zuwa Nguroje da Gembu. Can ciyawa ce kore shar, da garken shanu, da gonakin shayi a Kakara, da sanyin da zai sa mutumin Jimeta ya nemi bargo a watan Afrilu. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419.

Game da lokacin tafiya, ƙarshen Oktoba da watan Nuwamba sun fi dacewa. Ruwa ya ɗauke, ƙoramu sun ja baya, ƙasa ba ta bushe ba, amfanin gona yana tsaye. A Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma hazon hunturu yakan rufe nesa. Da damina kuwa hanyoyin ƙauye sukan yanke, dutse kuma yana santsi. A fara hawa bayan sallar asuba, a riƙe ruwa isasshe, da takalmi mai kama ƙasa, da rigar sanyi, da kuɗi a hannu, domin babu banki a kan dutse. Batun tsaro kuma ba abin wasa ba ne. Yankin Madagali ya sha hare-hare a shekarun da suka biyo bayan 2014, saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi hukuma da mutanen wurin halin da ake ciki a makon da zai tafi, kuma kada dare ya same shi a hanya.

Saura ladabin baƙunci, wanda shi ne ya fi duka. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. In an isa, a fara zuwa gaida mai gari, a faɗi abin da ya kawo mutum. A ɗauki ɗan jagora daga cikin samarin wurin, a biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba. Inda aka ce ba a shiga, kada a shiga, ko da mutum bai yarda da dalilin ba, domin wuraren al'adarsu ne. Kada a ɗauke dutse daga katanga, ko guntun tama daga kufai, da sunan tsaraba. A sayi zuma da kwando da tabarma a hannun masu yinsu. Kuɗin da baƙo ya bari a ƙauyen yana daga cikin abin da zai sa saurayi ya ga akwai amfanin zama a gida ya gyara katangar gonar ubansa.

Akwai kuma aiki a wuyan makarantun Yola da Jimeta. Yara suna haddace sunayen duwatsun Turai da na Asiya don cin jarrabawa, ga Song tafiyar safiya guda, ga Bagale ana hangen ta daga tagar aji. Idan shugabannin makarantu da ƙungiyoyin matasa suka shirya fita ko sau ɗaya a shekara, bayan girbi, ɗan kwari zai san ɗan tudu a gidansa, ya ci abincinsa, ya ga wahalar nomansa. Jihar da take da ƙabilu masu yawa irin Adamawa tana bukatar wannan sanayya fiye da yadda take bukatar baƙi daga ƙasashen waje.